Yadda Orval Ya Gyara Bindigar Matarsa

Ba a taɓa kiran Orval Tackett gyaran komai ba a garin Tumlin, shi yake kai kansa. Tun da ya yi ritaya daga sayar da tayoyin tarakta hannunsa ke yi masa ƙaiƙayi. Ya gyara famfon coci, aka koma ɗebo ruwa a bokiti daga gidan Fasto. Ya gyara agogon shagon aski, har yau in agogon ya ce sha biyu sai an leƙa waje an tambayi rana. Amma in ka same shi da kofin kofi a hannu yana ba da labari, sai ka rantse shi ya koya wa maƙeran Texas riƙon guduma.

Kamar kowane mai jini a jika a Tumlin, Orval ɗan ƙungiyar harbin kaboyi ne, inda manya masu jikoki ke cin ado da malafa da dogon takalmi irin na kakanninsu, su fita bayan gari suna harbin farantan ƙarfe ana duba musu agogo. Bindigar wasan doguwa ce irin ta da, mai hannun ƙarfe a ƙasa: ka tura shi gaba ta tofar da kwanso, ka dawo da shi ta ɗauki sabon harsashi. A fagen nan Orval mutum ne mai tausayi, bai cika cutar da faranti ba. Matarsa Darlene ce gwanar gidan.

Abu ɗaya Darlene take so a duniya, kan bel na azurfa da ake ba zakarar mata a gasar shekara. Shekara da shekaru tana zuwa ta biyu, kullum a bayan Mavis Kincaid, wata siririyar bazawara da ba ta gaishe ka sai ta fara duba takalminka. Bana kuwa ita ce ta ƙarshe, don likita ya ce da an gama gasa zai yi mata aiki a kafaɗa, daga nan ita da bindiga sai kallo. Da bindigar mahaifinta take harbi, tsohuwa ce wadda kamfanin da ya ƙera ta ya rufe tun ba a haifi Darlene ba, kuma ba ta taɓa ba ta kunya ba.

"Nauyin hannu gare ta," in ji Orval ana cin abinci. "Shi ke ja miki baya. Ki ba ni ita wuni ɗaya in sassauta mata, Mavis sai dai ta ga ƙurarki."

"Orval."

"Na'am, uwargida."

"Ka ga bindigar nan?"

"Ina ganinta."

"To ci gaba da ganinta. Da ido."

Washegari ta tafi Lubbock ganin likita, za ta yi 'yan kwanaki a gidan 'yarsu. Ƙurar motarta ba ta kwanta ba Orval ya kafa allo a ƙofar gareji, ya rubuta sunansa da manyan baƙaƙe, a ƙasa ya sa Likitan Bindiga. Dabararsa a shirye take: ya gyara ta Darlene a ɓoye, ta ci gasa, ya miƙe a gaban jama'a ya faɗi wanda ya yi aikin, daga nan mutane su riƙa yin layi tun daga kan iyakar Oklahoma. Don suna ya fara zagayawa, sai ya je shagon aski ya yi shelar zai wanke bindigar kowa, ya sa mata mai, kyauta.

Buford mai aski ya ɗaga almakashi ya nuna agogon bango. "Irin wannan gyaran?"

"Agogo daban, bindiga daban. Agogon nan dama can da ciwonsa na same shi."

"Da ciwonsa yana faɗin lokaci."

"Kai dai ka kawo taka ko ka bari. Kyauta ce."

Kalmar nan ta ƙarshe ita ta yi aiki, don a Tumlin ko ciwon kai aka ce kyauta ne sai an yi layi. Kafin rana ta faɗi bindigogin mazan ƙungiya sun jeru a bangon garejin Orval, har da ta Buford ɗin, da ta maƙwabcinsa Fasto Lyle, da ta Baba Hoyt, tsohon likitan shanu wanda shi ne alƙalin gasa mai riƙe agogo.

Ya fara da ta Darlene. Ya kalli bidiyo a waya har rabi, ya ga ya wuce mai bayanin, ya kashe. A cikin bindigar akwai wani fallen ƙarfe, sifirin ɗin da ke ba 'yar guduma ƙarfin dukan harsashi, an ce in aka ɗan rage masa kauri hannu yakan yi laushi. Orval ya sa magagari ya ɗan goga. Ya gwada, ya ji daɗi, ya ce ashe abin ba wuya. Ya ƙara gogawa. Ya ce tunda kaɗan ta yi daɗi haka, ai da yawa sai ta fi. Yana cikin fito ƙarfen ya ce ƙas, rabi a hannunsa, rabi a ƙasa.

Ya daɗe yana kallonsa. Sannan ya ce wa bango, "Dama ya tsufa."

Ya hau waya. Dillalin kayan bindiga na farko ya ce bai taɓa jin sunan kamfanin ba. Na biyu ya ce yana da shi, sai da aka yi ta magana aka gano sifirin ɗin babur yake nufi. Wata mata a Montana ta saurare shi da haƙuri, ta ce, "Ranka ya daɗe, akwai wani tsoho da ke ƙera mana irinsa da hannu."

"Madalla! Yaushe zan samu?"

"In ya warke."

"Me ke damunsa?"

"Shekara casa'in."

Orval ya ajiye waya. Ba ya tsoron kowa a Texas, haka yake faɗa, amma Darlene ba ta cikin lissafin. Kuma gaskiya ba tsoron kaɗai ba ne, yana sonta, ya san abin da kan bel ɗin nan yake a ranta. Ya ɗaga kai, sai idonsa ya sauka a kan bindigogin jama'a suna jere a bango kamar an kawo masa kasuwa har gida.

"Aro ne," ya ce. "Ai ba sata ba ce in za a mayar."

Ya buɗe ta Buford, wadda ƙirar Italiya ce da aka kwaikwayi ta da, ya zare mata sifirin. Ya ɗan fi na Darlene faɗi, magagari ya daidaita su. Gurbin da ya bari a ta Buford kuwa, ya duba ya ga ruwan zarton yankan ƙarfe shi ma ai falle ne, kuma yana lanƙwasawa ya dawo. Ya karyo guntu ya ɗaura, ya rufe, ya shafe da mai har tana ƙyalli.

Da ya tsaya nan da an ce ya yi hankali. Amma nasara ta hau masa kai, ya ce bari ya wanke bututun da ke ƙarƙashin hancin bindigar Darlene, inda harsasai ke jeruwa. Abin da rabin bidiyon da bai kalla ba ya faɗa shi ne, a cikin bututun akwai dogon sifirin mai murɗe a matse, yana jiran wanda zai buɗe masa ƙofa. Orval ya kwance notin murfi. Wani abu ya wuce ta gefen kunnensa da fito, ya fita ta ƙofar gareji, ya haye shinge. A can gidan maƙwabta Fasto Lyle na yankan ciyawa da inji. Aka ji ƙararrat, injin ya yi tari ya mutu.

Jim kaɗan ga Fasto a bakin shinge, tafin hannunsa cike da guntayen waya.

"Ɗan'uwa Orval, wani abu ya faɗo mini daga sama."

Orval ya karɓi guntu ɗaya, ya juya shi, ya shinshina. "Na jirgin sama ne, Fasto."

"Ban ji wucewar jirgi ba."

"Na zamani ba sa ƙara."

"Ikon Allah. To ya bindigata?"

"Yanzu nake shirin zuwa kanta."

Wannan kam gaskiya ya faɗa. Fasto na juya baya ya zare dogon sifirin ɗin bindigarsa ya zura a ta Darlene. Na Fasto kuma ya rasa abin da zai maye da shi, har ya shiga kicin shan ruwa, ƙofar raga ta rufe kanta a bayansa, bam. Ya juyo ya dubi sifirin ɗin da ke jan ƙofar. Dogo ne, mai murɗe ne. Cewa wannan ja yake yi, wancan kuwa turawa, Orval ya ɗauke shi ƙaramin bambanci irin na masu son jayayya.

Saura notin murfi, wanda ya bi iska tare da sifirin. Ya rarrafa ƙarƙashin teburi har gwiwar wandonsa ta huje, bai gan shi ba. Ya kwanto notin da ke riƙe hannun ɗanawa daga bindigar Baba Hoyt. Zaren notin na ma'aunin Italiya ne, ramin kuwa na ma'aunin Amurka, suka ƙi jituwa. Orval ya sasanta su da guduma. A ta Baba Hoyt ya yanko ƙusa ya cusa, ya shafa mata baƙin man takalmi a kai.

Daga nan abin ya zama gyaran gangar Auzinawa. Ya toshe nan, can ya ɓalle, ya ciro daga wannan ya liƙa wa waccan, har ya kai shi kansa bai san hanjin wa ke cikin wa ba. Babu bindigar da ta shiga garejin ta fita da kayan cikinta cikakku. Da ya gama ya tarar da ƙananan ƙarafa cike da kofi ba su da gida, ya ce waɗannan kamfani ke ƙarawa don kaya su yi nauyi, ya tura kofin bayan gwangwanin fenti. Masu bindigogi suka zo suka karɓa suna yaba ƙyalli. Ya ce kada kowa ya ɗana tasa sai ranar gasa, a bar mai ya ratsa.

Darlene ta dawo ana gobe gasa. Ta tsaya a kicin tana kore ƙudaje.

"Me ya sami ƙofar nan?"

"Iska."

Ta wuce ɗaki ta ɗauko bindigar, ta tura hannu ta dawo da shi. Ya tafi sumul kamar an shafa man shanu. Ta dube shi.

"Ka taɓa ta?"

"Mai kawai na shafa mata. Shi ma daga waje."

Ta so ta fita bayan gida ta gwada, sai dai likita ya ce ta adana kafaɗar, harbin da ya rage mata ta kai shi fage. Ta mayar da bindigar cikin jaka. Orval ya ci abinci ya ƙara, ya ga duniya ta yi daidai.

Ranar Asabar filin ya cika. Motoci sun jeru, an ɗora tukunyar wake da barkono a kan wuta, naman ƙirji na gasuwa tun safe. Mata ke fara harbi, maza sai bayan an ci abinci. Mavis Kincaid ta shiga, Baba Hoyt ya danna agogo, ta zuba harsashi goma, faranti goma suka amsa. Ta hure bakin bindiga, abin da ba wanda ya sa ta, ta wuce ta gaban Darlene tana duba mata takalmi.

Aka kira Darlene. Ta je teburin ɗuri, inda kowa ke loda bindigarsa a gaban shaida kafin ya shiga fage. A nan ne cikin Orval ya kasa riƙe abin da ya haɗiya. Shirinsa sai ta ci zai yi magana, amma ya ga taro ya yi taro, ya ji ba zai iya jira ba. Ya haye dunƙulen ciyawar shanu ya cire malafa.

"Jama'a! Ku buɗe ido ku ga aiki! Bindigar nan da kuke gani, ni Orval Tackett na kwance ta tun daga hanci har gindi, na mayar da ita yarinya. Wanda ya ƙifta ido ya yi asara!"

Darlene ta tsaya da harsashi a hannu. Ba ta juyo ba. Ta ci gaba da turawa ɗaya bayan ɗaya, bututu na cika, sifirin ɗin Fasto na matsuwa, notin Baba Hoyt na riƙe da murfi iyakar ƙoƙarinsa. A kan na goma ya sallama. Murfi ya yi gaba, sifirin ya bi shi ya faɗa tukunyar wake, harsasai suka zubo ta gaba suna gangarawa kan teburi ɗaya bayan ɗaya suna faɗawa ƙasa.

Mai dafa wake ya sa ludayi ya tsamo sifirin ya ɗaga.

"Na waye wannan?"

"Haka ake yi wa na zamani," in ji Orval daga kan ciyawa. "Saurin saukewa ke nan."

Ba wanda ya dube shi. A wasan nan akwai al'ada da ta fi kowace doka ƙarfi: in bindigar mutum ta lalace, kafin ya buɗe baki an miƙo masa biyar, ko da abokin hamayyarsa ne. Baba Hoyt ya ce tunda ba ta fara harbi ba tana da damar sauyawa, amma ta hanzarta. Buford ya riga kowa.

"Ga tawa, Darlene. Ba ta taɓa ƙin tashi ba."

Ta karɓa, ta ɗana ta babu harsashi, ta ja kunama don gwaji. Gudumar ta sauko a hankali, kamar tsoho zai zauna a kujera. Buford ya karɓe, ya zaro sukundireba daga aljihu ya buɗe gindin. Ya daɗe yana leƙe.

"Orval, me ya sa bindigata take da haƙora?"

"Don riƙo."

"Karɓi tawa, 'yar'uwa," in ji Fasto Lyle. Ta tura harsashi, ya shige, ta ji ya gangara can ciki ya yi shiru. Ta ɗana, babu abin da ya fito. Ta girgiza bindigar, ta yi ƙara kamar gwangwanin ƙusoshi. Da aka buɗe murfi sai da aka sa yatsa aka jawo abin da ke ciki, ya fito da ƙugiyarsa a baki da ɗan farin fenti a jiki.

Darlene ta dube shi da kyau. "Wannan na ƙofar kicin ɗina ne."

"To nawa fa?" in ji Fasto.

Mai dafa wake ya sake ɗaga ludayi.

Fasto ya dubi ludayin, ya dubi Orval. "Jirgin saman nan, ɗan'uwa, daga garejinka ya tashi?"

Baba Hoyt ya rataye agogo a wuya ya ɗauko tasa ya ba ta da hannunsa. Ta tura hannun ɗanawa gaba. Ya tafi, bai tsaya ba, ta ɗago shi a hannunta na dama, bindigar a na hagu, wata 'yar ƙusa mai baƙin kai ta faɗo tsakanin takalmanta. Sauran mazan da suka miƙo nasu suka fara janyewa a hankali, kowa na kallon tasa kamar wanda aka ce masa an yi musanyar jariri.

Mavis Kincaid ta matso, ta miƙo tata da murmushi. "Ungo, ƙawata. Tawa dai ba ta je asibitin mijinki ba."

"Na gode, Mavis. Gara in jefi farantan da dutse."

"Lokaci na tafiya," in ji Baba Hoyt. Ya juya ga taro. "A duk filin nan, akwai bindigar namiji da Orval bai taɓa ba?"

Aka yi ta kallon juna. Sai Buford ya taka zuwa 'yar kurar da Orval ke tura kayansa a ciki, ya yaye bargo, ya zaro wata doguwa. Ya ɗana ta, ta amsa ƙwas-ƙwas, lafiya lau. Ya duba kawunan notinta, ko ƙwarzane babu.

"Ta wa ce wannan?"

"Tawa ce," in ji Orval.

"Ka kwashe hanjin bindigar kowa a garin nan, taka na ajiye ba ka ciri ko noti ba?"

Orval ya dube shi da mamaki na gaskiya. "Tawa? Ai tawa lafiyarta ƙalau. Wane mahaukaci ne zai buɗe bindigar da ke aiki?"

Sai a lokacin Darlene ta juyo ta dube shi. Ba ta ɗaga murya ba.

"Ta babana ma lafiyarta ƙalau na bar ta."

Orval ya sauko daga kan ciyawar. Da ta zage shi da ya fi masa sauƙi, don idonta ya kawo ruwa, kuma a zamansu bai taɓa ganin haka a gaban mutane ba. Ta karɓi bindigarsa daga hannun Buford, ta tsince harsasanta daga ƙasa tana goge su a siket, ta loda, ta shiga fage. Gindin ya yi mata tsawo, dole ta miƙa kafaɗar nan mai ciwo fiye da yadda likita zai so. Agogo ya yi ƙara. Ta harba goma, haushi na tura hannun, ƙarar faranti na bin juna ba rata. Ta ajiye bindiga ta dafe kafaɗa.

Baba Hoyt ya duba agogo, ya cire tabarau ya goge, ya sake dubawa. Ta riga Mavis da abin da bai kai ƙiftawar ido ba.

Fili ya kaure da ihu, malafuna suka tashi sama. Mavis ta zo ta ba ta hannu, ta ce takalminta ya yi kyau. Aka ɗaura wa Darlene kan bel ɗin, faɗinsa ya kusa na farantin shayi, tana dariya tana share hawaye. Ba a san lokacin da Orval ya kutso tsakiya ba, ƙirji a gaba, ya dawo hayyacinsa.

"Na faɗa muku! Bindigar gidan Tackett ce ta ci. Bindigata!"

"Bindigata," in ji Darlene. Ta zura ta cikin jakarta ta ja zif. "Tana wurina har ranar da ta babana za ta koma yadda ya bar ta. Kuma ba kai za ka mayar ba."

Aka ci wake, wasu suka ce ya ɗan yi ɗanɗanon mai. Da aka gama Baba Hoyt ya miƙe ya ce lokacin maza ya yi, kuma an yi shawara baki ya zo ɗaya a kan wanda zai buɗe fage.

"Orval Tackett, teburin ɗuri!"

"Baba Hoyt, ai ka ga ba ni da bindiga."

"Subhanalla. A filin nan? Jama'a, ɗan'uwanku ba shi da bindiga."

Ba a taɓa ganin karamci irin na ranar ba. Maza suka taso gaba ɗaya suka kewaye shi, kowa da tasa a miƙe, Fasto da tasa, Baba Hoyt da tasa a hannu biyu, bindiga daban hannu daban. Buford ya ture su ya danƙa masa mai haƙora a ƙirji.

"Ɗauki tawa, Likita. Kwanan nan aka gyara ta."

Orval ya waiga wajen Darlene. Tana zaune a inuwa tana goge kan bel ɗinta da gefen mayafi, ba ta ɗago ba. Baba Hoyt ya ɗaga agogo daidai kunnensa.

"Mai harbi ya shirya?"